Shafin Tarihin da Ya Mai da Uwata Baiwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin da ke tsara darasin tarihi domin makarantun horon malamai.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina miƙa gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka.

Sunana Asumanu. Ni ɗan Tudun Aduwa ne, wani ƙaramin ƙauye a arewacin Adar, tsakanin Afala da Takanamat. Bana na gama makarantar horon malamai a nan Tawa, an kuma riga an gaya mini lakwal ɗin, wato makarantar firamare, da zan fara koyarwa in an dawo daga hutu. Na rubuta wasiƙar nan a buɗe domin abin da nake kuka da shi ma a buɗe aka yi shi: an buga shi, an raba wa ɗalibai, yara sun haddace. Buƙatata ɗaya ce, zan kuma faɗe ta tun yanzu don kada in ɓata maka lokaci. A cikin darasin tarihin ƙasa da kwamitinku ya amince da shi akwai shafi guda da ya ce mutanen Rijiyar Kalgo bayin mutanen Tudun Aduwa ne tun asali. Ubana ɗan Tudun Aduwa ne. Uwata 'yar Rijiyar Kalgo ce. Shafin nan yana gab da raba garuruwan nan biyu, ina roƙo a gyara shi kafin a buɗe makarantu.

Na farko. Ba na son a ɗauka ƙarar malaminmu na tarihi na kawo don a wulaƙanta shi. Ba zan faɗi sunansa ba, Mushe muke kiransa kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal. Ɗan ƙasar nan ne, amma tun yana ƙarami aka tura shi karatu bakin teku, daga can ya wuce Turai, bai dawo ba sai bayan an sami mulkin kai. Kafin zuwansa, tarihi a wurinmu hadda ce: sarakunan Faransa a jere, wane ya gaji wane, da yaƙoƙin da aka yi a wuraren da ko sunansu ba mu iya faɗa daidai. Na san kogunan ƙasar da ban taɓa gani ba, amma ban san dalilin da ya sa ayarin gishiri ke bi ta bayan garinmu ba. Mushe ne ya fara tsayawa gaban allo ya ce mu ma muna da tarihi, ya kawo mana labarin Songai da Barno da Gobir da Agadas, ya nuna mana yadda Adar ta zauna a tsakiyarsu kowa yana jan ta. Ranar na fita aji ina jin kaina ya ƙara tsawo. Kuma shi ne, da muka zo kan yaƙin duniya, ya karanta mana yadda Faransawa ke ba da labarin wata fafatawa, sannan ya karanta yadda Jamusawa ke ba da labarinta, ya ce duk mai son gaskiya kada ya tashi sai ya saurari ɓangare biyu. Na riƙe wannan karatu da hannu biyu, kuma da shi nake rubuta maka yau.

Na biyu. Ga yadda shafin ya samo asali, domin ina wurin.

Tsakanin Tudun Aduwa da Rijiyar Kalgo tafiyar hantsi ce a ƙafa, ƙorama guda ce ta raba mu. Mu taubasan juna ne tun kaka da kakanni. Ranka ya daɗe, kai ma ɗan ƙasa ne, na tabbata kana da mutanen da in kun haɗu sai sun ce maka bawa ka ce musu ɓarayi, a rabu ana dariya. To namu ya fi na kowa zafi. Ɗan Rijiyar Kalgo yana iya shigowa gidanmu ya ɗauke kaza, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi mana faɗan ba mu kiwata ta da kyau ba. Gwanayen wannan wasa su biyu ne: Baba Arzika, wan mahaifina, da Kawu Nomau, wan mahaifiyata. Tun suna samari suke cin mutuncin juna, kuma ban san wasu tsofaffi biyu da ke ƙaunar juna kamarsu ba.

Bara, ana gab da faɗuwar damina, Mushe ya ɗebi ajinmu a cikin kamyo, wato babbar mota, domin mu je mu ji tarihi daga bakin tsofaffi. Ni na ba da shawarar a je garuruwanmu, ina ta rawar jiki. An tsara a yini Tudun Aduwa, kashegari a haye Rijiyar Kalgo. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baba Arzika, ya ba da labarin rijiyoyi da shekarun fari da yadda ake gudu kan dutse in mahara sun taso. Ana cikin haka sai ga Kawu Nomau a kan jakinsa, ya kawo gyaran hauya wurin maƙerinmu. Baba na hango shi sai ya gyara zama, ni kuwa na san an zo wurin.

Ya ce, "Mushe, rubuta da kyau. Ka ga wancan mai baƙar hula? Bawana na. Su duka mutanen Rijiyar Kalgo bayinmu na. Kakanmu yas sayi kakansu da tsohon jaki mai ɗingishi, kuma har gobe muna ganin cutarmu anka yi."

Wurin ya kaure da dariya. To a al'adarmu, in taubashinka ya ci ka da baki a garinsu gaban baƙinsa, ba ka rama. Ka bar masa ranarsa, ka jira ya zo naka garin. Saboda haka Kawu ya sauko daga jaki, ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Hakanan na, uban gidana. Wane ni in yi musu." Da zai tafi ya jawo ni gefe ya ce, "Bari su zo wurinmu gobe. In ban sa tsohon ga kuka ba, ba ni na Nomau ba."

Na san abin da ya tanada, don na sha ji. Su a wurinsu, kakansu ne ya iske kakanmu a saman itacen aduwa yana ihu, akuya ta koro shi yana tsammanin kura ce. Ya sauko da shi, ya ba shi fura, tun daga ranar ya zama nasu shi da zuriyarsa. Kawu ya koma gida ya sa aka yanka bunsuru, aka share fili. Da asuba ruwan farko ya sauko, ƙorama ta kawo, direba ya ce shi kamyonsa ba kwalekwale ba ne. Muka juya Tawa. Bunsurun Kawu mutanen garinsa suka cinye.

Na uku. Da sanyi ya shigo aka buga darasin, aka raba mana. Na buɗe na ga sunan garinmu a rubuce da injin bugu, abin da ban taɓa gani ba, har na fara murna. Sai na karanta. An cire jakin, an cire ɗingishin, an cire dariyar. Abin da ya rage shi ne cewa wani dattijon Tudun Aduwa ya shaida cewa kakanninsu sun mallaki mutanen Rijiyar Kalgo ta hanyar saye, kuma wani dattijon Rijiyar Kalgo ya amsa hakan da bakinsa a gaban shaidu.

Mushe yana jin Hausa sarai. Bai yi kuskuren ji ba, abin da aka faɗa shi ya rubuta. Na same shi bayan darasi na bayyana masa komai cikin ladabi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya san taubasantaka, ba baƙo ba ne. Amma a ganinsa irin wannan wasa mayafi ne da mutane ke rufa wa tsohon ciwo, kuma aikin mai tarihi shi ne ya yaye mayafin. Ya ce wanda aka danne ne ke durƙusawa yana dariya, kuma ƙasar da ta sami mulkin kai bai kamata ta ji kunyar duban abin da ya faru a cikinta ba.

Na daɗe ina juya maganar nan, domin ba maganar banza ba ce. Ranka ya daɗe, ba na musun an yi bauta a Adar. An yi, an sayi mutane an sayar, kuma akwai gidajen da har yau abin ke bin su wajen neman aure da wajen zaman fada. Ina so a koya wa yaranmu wannan ba tare da kwana-kwana ba. Amma saboda an yi ɗin ne ya kamata a san wanda ake liƙa wa kalmar. Duk ɗan Adar ya san ba a yi wa mutum wasan bawa in akwai gaskiya a ciki. Baba Arzika, duk kaifin bakinsa, bai taɓa faɗa wa mutanen waɗancan gidaje wannan kalma ba, ko da wasa, ko a bayan idonsu. Wanda kake daidai da shi kaɗai kake kira bawa ka kwana lafiya. Kuma da mutanen Rijiyar Kalgo bayinmu ne, da ba kakana ne zai ɗauki goro ya haye ƙorama ya durƙusa yana nema wa ɗansa auren uwata ba. Waɗannan ma hujjoji ne, suna nan a fili, amma ba wanda ya tambaye su.

Ni ban san ainihin abin da ya haɗa garuruwan nan ba. Wasu tsofaffi sun ce 'ya'yan wa da ƙanwa ne suka kafa su. Wasu sun ce rantsuwa aka yi a wata shekarar yunwa, cewa ba za a zub da jinin juna ba har abada. Wataƙila ma akwai wani tsohon ciwo kamar yadda Mushe ke zato, Allah ne masani. Amma zato sunansa zato. Mutumin da ya hana mu yanke wa Jamusawa hukunci sai mun ji ta bakinsu, shi ne ya yanke wa dangin uwata hukunci don ƙorama ta cika. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, kuma ba zan ɓoye ba.

Na huɗu. Abin da shafin ya haifar. Akwai sabuwar lakwal da aka gina a bakin hanya, yaran garuruwan biyu ke zuwa. Malamin da ke can baƙo ne, daga gabas aka turo shi, bai san kowa ba. Darasin ya iso hannunsa, ya ga sunayen garuruwan ɗalibansa, ya yi murna ya koyar, kuma ban ga laifinsa ba. Yaranmu suka fito suna gaya wa yaransu, "Ku bayinmu ne." Wannan ba sabon abu ba ne, kullum suna faɗa, ana rama musu. Sabon abin shi ne da aka rama da labarin akuya sai suka ce, "Naku tatsuniya ce, namu yana cikin littafi." Aka yi dambe har da fashin kai. Yawancin iyaye a Rijiyar Kalgo suka janye 'ya'yansu daga karatu. Ka san irin wahalar da aka sha kafin a shawo kansu su ba da yaran tun farko.

Da na je hutu, uwata ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Asumanu, abin da anka tura ka Tawa ka koyo ke nan?" Ta ce matan garinmu sun bar tsokanarta a bakin rijiya. Da in ta zo sai a ce ga 'yar bayi ta zo shanye mana ruwa, ita kuma ta ce ta zo duba ko jikokin mai hawan aduwa sun iya jan guga. Yanzu in ta iso sai a matsa mata, a gaishe ta a hankali kamar mai takaba.

Baba Arzika ya ɗauki sandarsa ya tafi Rijiyar Kalgo da kansa, na raka shi. Kawu Nomau ya fito ya shimfiɗa masa buzu, ya kawo ruwa, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Arzika. Ina gajiya? Ina iyali?" Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya kira shi Malam ba. Baba ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, na ga ya haɗiye ta. Ya fara ba da haƙuri, Kawu ya tare shi.

Ya ce, "Ba da kai nike hushi ba, Arzika. Kai ka hwaɗi naka, ni ko nawa na nan cikina, ban samu wurin aje shi ba. Amma kai in ka hwaɗi, iska na ɗauka. Takarda kullum tana hwaɗi, kuma ba ta dariya. Jikokina za su karanta bayan ba mu."

Muka sha fura, muka yi sallama cikin mutunci, muka dawo.

Na biyar, a taƙaice. A jarrabawar ƙarshe tambaya ta fito a kan wannan babi. Na rubuta abin da Baba ya ce, da abin da Kawu zai ce da ƙorama ta bari, na kuma bayyana yadda wasan yake. Takardata ta dawo da jan alƙalami, wai darasi aka tambaye ni, ba labarin dangi ba. Sauran fannoni ne suka tsallakar da ni. Ba makina nake bi ba, a bar shi yadda yake. Na kawo zancen ne don ka san cewa duk ɗalibin da ke son cin jarrabawa dole ya rubuta cewa uwata baiwa ce, kuma 'yan ajinmu duka sun rubuta, har da abokaina, suna ba ni haƙuri. Su ne za a watsa cikin ƙauyuka bana. Ni kuma, don abin ya cika, lakwal ɗin nan ta bakin hanya aka tura ni. Ina gaya maka tun yanzu, da girmamawa, ba zan tsaya gaban 'ya'yan kawunnena in karanta wannan shafi ba, ko da hakan zai ja mini kora.

Ga abin da nake roƙo.

A aika wa duk malaman da darasin ke hannunsu su dakatar da wannan shafi kafin yara su koma.

A bar Mushe ya ƙarasa tafiyar da ya fara. Da ruwa ya ɗauke ƙorama za ta bushe, jaki ma yana hayewa. Ya je Rijiyar Kalgo tare da Baba Arzika, a zauna a ƙofar gidan Kawu Nomau, a bar Kawu ya faɗi nasa gaban jama'a. Ba na neman Mushe ya durƙusa wa kowa. Ya zauna kawai ya saurara, ya rubuta kamar yadda ya rubuta na farko. In ya gama, a sake buga shafin da labaran biyu, jaki da akuya duka, a bayyana wa yara abin da taubasantaka take, a kuma rubuta a fili cewa ba a san asalinta tabbas ba. Ban ga abin kunya ba ga littafin tarihi ya ce bai sani ba.

Sannan, tun da yanzu aka fara rubuta tarihin ƙasar nan da hannunmu, a kafa ƙa'ida: duk abin da aka ji daga bakin tsofaffi, a koma a karanta musu kafin a buga. Sarakunan Faransa da muka haddace ba su da jikoki a kasuwar Afala. Mutanen da ke cikin tarihinmu kuwa jikokinsu ne ke zaune a kan bencin aji.

Ina gaggauta ka ne saboda Baba Arzika. Tun tsakiyar damina yake kwance, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya zuwa masallaci. A garuruwanmu mutum ba ya haƙa wa ɗan garinsu kabari. In an yi mutuwa a Tudun Aduwa, mutanen Rijiyar Kalgo ne ke zuwa da diga, mu kuma mu yi musu nasu. In tsoho ne ya rasu, suna haƙa suna yi masa tsiya, wai rowarsa ce ta sa ƙasa ta yi tauri, har sai 'ya'yansa sun yi murmushi cikin hawaye, sannan a yi masa salla. Makon jiya Baba Arzika ya kira ni bakin gadonsa ya tambaye ni ko an gyara takardar. Na ce tukuna. Na ce ya kwantar da hankalinsa, in ta Allah ta kasance Kawu Nomau ba zai ƙi zuwa ba.

Ya ce, "Na san za su zo, Nomau ɗan halas na. Tsorona su gina kabarina shiru."

Shi ya sa na zauna na rubuta maka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci ga na kusa da na nesa. Allah ya saka wa Mushe da alheri a kan abin da ya koya mana, ya kuma ba shi zuciyar hayewa ƙorama. Allah ya sa saƙonka ya iske Baba Arzika da ransa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Asumanu, ɗan Tudun Aduwa, jikan Rijiyar Kalgo.